Intanet Marar Waya a Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Kalmar “waya” tana daga cikin kalmomin aro da suka yi doguwar tafiya a harshen Hausa. Da farko sunan siririn ƙarfe ce. Daga nan ta zama sunan saƙon tangaraho da ake bugawa ta cikin wannan ƙarfe, har ofishin da ake buga saƙon ya sami sunan gidan waya. Bayan haka ta koma kan tarho. A yau kuwa idan Bahaushe ya ce “wayata”, yana nufin 'yar na'urar da ke cikin aljihunsa, wadda ba a ɗaure ta da wata igiya ba. Saboda haka idan aka ce mutum yana shiga intanet marar waya da wayarsa, maganar daidai take, ko da yake kunne zai ji ta bambaraƙwai.

Wannan ruɗani na suna yana da amfani ga abin da za a yi bayani a nan, domin babu wurin da ya fi jirgin ƙarƙashin ƙasa nuna cewa abin da ake kira “marar waya” a kan waya yake tsaye. Fasinjan da ke zaune a tarago, mita talatin a ƙarƙashin titi, yana karanta saƙo ko yana kallon hoto, taku kaɗan ne kawai saƙonsa yake yi a cikin iska. Sauran tafiyar duka a cikin kebul ake yin ta, kuma wani ne ya kashe kuɗi ya shimfiɗa kebul ɗin. Wanda ya shimfiɗa shi kuwa, shi ke da ta cewa a kan yadda za a biya, da abin da za a sani game da fasinja, da kuma ranar da za a katse.

2.0 Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa jirgi ne na cikin gari, mai aiki da lantarki, wanda aka haƙa wa hanya a ƙarƙashin gidaje da tituna don ya kauce wa cunkoso. Na farko a duniya an buɗe shi a birnin Landan ranar 10 ga Janairu, 1863, kuma a lokacin da gawayi yake tafiya. Sai a 1890 aka buɗe layi mai zurfi na farko mai amfani da lantarki. Birnin New York na Amurka ya buɗe nasa a 1904, Mosko a 1935, Seoul ta Koriya ta Kudu a 1974. A nahiyar Afirka, Alƙahira ce ta fara a 1987, sannan Aljiyas a 2011.

Ya kamata a bambanta shi da jiragen cikin gari masu tafiya a sarari. Jirgin da ke jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010 a kan gada yake tafiya, haka nan jirgin da aka fara hawa a Legas a 2023 a sarari yake. Fasinjan irin waɗannan jirage wayarsa tana samun sabis daga turakun sadarwa da ke gefen hanya, kamar yadda ta mai tafiya a mota take samu. Matsalar da ake magana a kanta tana farawa ne daga inda dogo ya nutsa cikin rami. Ko a Landan ma, inda ake da tashoshi 272 da dogo mai tsawon kimanin kilomita 400, fiye da rabin hanyar a sarari take. Ragowar, wadda ita ce ta tsakiyar gari inda aka fi cunkoso, ita ce ta daɗe babu sabis.

3.0 Dalilin da Ya Sa Sabis Ba Ya Shiga Rami

Wayar hannu da na'urar Wi-Fi duk da igiyar rediyo suke aiki, wato dangin abin da akwatin rediyo yake kamawa. Ɗalibin da ya yi darasin furuci ya san cewa tantanin maƙwallato yana kaɗawa sau ɗari zuwa ɗari biyu da wani abu a cikin daƙiƙa ɗaya idan ana furta sauti mai ziza. Igiyar rediyo ita ma kaɗawa take yi, sai dai yawan kaɗawarta ya wuce misali. Wi-Fi, wanda aka tsara ƙa'idarsa ta farko a 1997 kuma ya sami wannan suna a 1999, ya fi aiki a kan kaɗawa biliyan 2.4 ko biliyan 5 a daƙiƙa. Gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon gajartar zango. Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 16 ko 19 ko 25 a gajeren zango. To, zangon Wi-Fi mai kaɗawa biliyan 2.4 bai wuce santimita goma sha biyu da rabi ba.

Igiya mai irin wannan gajeren zango tana ɗaukar bayanai masu yawa, amma ba ta da ƙarfin ratsa abubuwa. Bango ɗaya na siminti yana rage ta, biyu ko uku su kusa kashe ta. Ƙasa mai damshi ta fi bango muni, domin ruwa yana shanye ƙarfin igiyar. Tashar Hampstead, wadda ta fi kowace zurfi a Landan, tana mita 58 a ƙarƙashin ƙasa, tashar Park Pobedy ta Mosko kuwa mita 84. Babu turken sadarwa da zai iya aika saƙo ta cikin yumɓu da dutse masu wannan kauri, komai ƙarfinsa.

Idan aka ce to a sa eriya a bakin rami ta harba ciki, nan ma akwai cikas. Igiyar tana son miƙaƙƙiyar hanya, rami kuwa yana lanƙwasa, yana hawa, yana gangara. Tana bugun bango tana dawowa, kuma kowane bugu yana rage mata ƙarfi. Bugu da ƙari, jirgin kansa toshiya ne. Ramukan Landan masu zurfi faɗinsu kimanin mita uku da rabi ne, kuma an ƙera taragun daidai da su, har ratar da ke tsakanin rufin jirgi da bango ba ta da yawa. Jirgi ɗaya a gaba, wani a baya, sai hanyar ta rufe. Shi kuma tarago akwatin ƙarfe ne, kuma tun 1836 masanin kimiyyar nan na Ingila Michael Faraday ya nuna cewa kewayen ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga tasirin lantarki na waje. Ta tagogi kawai igiyar take samun kafar shiga. A ƙarshe akwai jikin mutane. Mafi yawan jikin ɗan'adam ruwa ne, don haka tarago mai cike da fasinjoji da safe ya fi wanda ba kowa shanye sabis, alhali a lokacin ne aka fi bukatarsa.

4.0 Hanyoyin da Aka Bi

4.1 Wi-Fi a tasha

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar rami yadda yake, a sa na'urorin Wi-Fi a tashoshi: wurin sayen tikiti, da matakala, da dandamalin jiran jirgi. Kowace na'ura ana haɗa ta da kebul zuwa sama. Wannan ita ce hanyar da Landan ta bi a 2012, lokacin da birnin ke shirin karɓar baƙuncin wasannin Olamfik, inda kamfanin Virgin Media ya yi aikin. A New York kamfanin Transit Wireless ya fara da tashoshi shida a watan Satumba na 2011, ya haɗa Wi-Fi da sabis ɗin wayar hannu, amma bai gama dukkan tashoshin da ke ƙarƙashin ƙasa ba sai a Janairun 2017.

Amfanin wannan tsari ga wanda ke cikin jirgi kaɗan ne. Jirgi yakan tsaya a tasha kamar rabin minti. A cikin wannan ɗan lokaci waya za ta nemo na'urar, ta gabatar da kanta, a karɓe ta, sannan ta fara aika saƙo. Sau da yawa kafin a kai nan an rufe ƙofa. Fasinjojin Landan sun shekara da shekaru suna rubuta saƙo a cikin rami, suna riƙe da shi har tasha ta gaba, kamar mai jiran motar kasuwa ya ba da wasiƙa.

4.2 Wi-Fi a cikin tarago

Mosko ta bi akasin wannan hanya. Maimakon tasha, sai aka sa Wi-Fi a cikin jirgin kansa. Kamfanin MaximaTelecom ya fara aikin a 2013, ya kammala dukkan layukan da ake da su a lokacin a ƙarshen 2014. Tsarin hawa biyu ne. A cikin kowane tarago akwai na'urar da wayoyin fasinjoji suke kamawa, kuma an haɗa taragun da kebul daga kai zuwa wutsiya. A kan tarago na farko da na ƙarshe akwai eriya, wadda take magana da ƙananan tashoshin rediyo da aka kafa a bangon rami, kusan kowace mita 450. Su kuma waɗannan an jera su a kan kebul na zaren gilashi, wanda ke ɗaukar bayanai da haske zuwa cibiya a sama.

A nan ne wahalar gudu take bayyana. Jirgin da ke gudun kilomita 72 a awa yana cin mita 20 a daƙiƙa. Ke nan duk bayan daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai ya saki tashar rediyo ɗaya ya kama ta gaba, kuma dole a yi wannan miƙa hannu cikin ƙiftawar ido, ba tare da fasinja ya ji an yanke ba. Hikimar tsarin ita ce jirgin ne kaɗai yake wannan aiki. Wayar fasinja tana manne da na'urar da ke saman kansa, wadda ba ta motsawa daga inda take, don haka a wurinta kamar tana cikin ɗaki ne. Da a ce wayoyi dubu da ke cikin jirgin kowace ita za ta riƙa tsalle daga wannan tasha zuwa waccan, da tsarin bai ɗauka ba.

Rauninsa kuma a fili yake: dukkan fasinjoji ta ƙofa ɗaya suke fita, wato mahaɗar da ke tsakanin jirgi da bango. Idan ta yi ƙunci, kowa ya ji a jikinsa. Haka ta faru a Seoul. Kamfanonin sadarwa na ƙasar sun sa Wi-Fi a taragu tun wajajen 2010, suna haɗa su da waje ta wata fasaha tasu ta gida mai suna WiBro, wadda aka fara sayarwa a 2006. Da wayoyi masu kallon bidiyo suka yawaita sai ta kasa, aka koma kan LTE, aka kuma rufe WiBro gaba ɗaya a ƙarshen 2018.

4.3 Kebul mai yoyo

Hanya ta uku ta fi sauran tsada, kuma ita ce manyan birane suka fi karkata gare ta a yanzu. A nan ba a damu da Wi-Fi ba. Sabis ɗin wayar hannu na yau da kullum, 4G da 5G, shi ake shigarwa cikin rami, ta yadda waya za ta ci gaba da aiki kamar tana kan titi, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba.

Abin da ake amfani da shi wani irin kebul ne mai kauri, wanda asalinsa a ramukan haƙar ma'adinai aka san shi. Kebul na eriya da aka saba gani yana da waya a tsakiya, da rigar ƙarfe a kewaye wadda aikinta shi ne ta hana igiyar rediyo fita. A wannan kuwa da gangan ake tsattsaga rigar a jere, don igiyar ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan a duk tsawonsa. Mai lambun da ya huhhuda tiyo ya shimfiɗa shi a tsakanin kunya ya san dabarar: maimakon ruwa ya fita da ƙarfi a baki ɗaya, sai ya jiƙa ko'ina daidai-wa-daida. Bambancin shi ne wannan tiyo yana sha kamar yadda yake zubarwa, wato saƙon da ya fito daga wayar fasinja ta waɗannan tsagogi yake shiga ya koma. Ana kafa kebul ɗin a bango daidai tsayin tagar jirgi, saboda dalilin da aka ambata a baya. Ta haka lanƙwasar rami ba ta zama matsala, domin duk inda rami ya juya eriyar ta juya tare da shi, kuma tazarar da ke tsakaninta da fasinja ba ta wuce taku biyu ko uku.

Tun da yoyo yake yi, ƙarfinsa yana raguwa da nisa, don haka sai an riƙa sabunta shi daga tashoshi. Manyan na'urorin kamfanonin waya kuwa ba a saukar da su ƙasa. Ana tara su a wasu gine-gine a sama inda akwai fili da sanyi, a haɗa su da tashoshi ta zaren gilashi. Kuma da yake bangon rami ba zai ɗauki kebul huɗu na kamfanoni huɗu ba, sai kamfani ɗaya ya shimfiɗa, sauran su biya haya.

Landan ta gwada wannan a watan Maris na 2020 a wani yanki na layin Jubilee, tsakanin Westminster da Canning Town. A watan Yunin 2021 hukumar sufurin birnin, TfL, ta ba kamfanin BAI Communications, wanda daga baya ya koma Boldyn Networks, kwangilar shekara 20 don ya game dukkan ramuka da tashoshi. An ƙiyasta aikin zai ci kebul fiye da kilomita 2,000. An sa ƙarshen 2024 a matsayin wa'adin kammalawa, wa'adin ya zo ya wuce ana kan aiki. A New York an amince da irin wannan yarjejeniya a watan Yulin 2022: mil 418 na dogon da ke cikin rami, wato kimanin kilomita 670, a kan kuɗi wajen dala miliyan 600 da kamfanin zai kashe daga aljihunsa, cikin shekara goma.

5.0 Abin da Ya Kawo Jinkiri

Mai karatu zai iya tambaya: in dai an san kebul mai yoyo tun da daɗewa, me ya sa biranen da suka fi kowa arziki suka makara? Tokyo ta game ramukanta da sabis a 2013, Faris a 2020, alhali Landan da New York sun shiga shekarun 2020 yawancin ramukansu shiru.

Tsufan ramukan shi ne amsar farko. Waɗanda suka haƙa su a ƙarni na 19 da farkon na 20 ba su bar wurin abin da ba su sani ba. Bangon ya riga ya cika da wayoyin lantarki da na sigina, kuma duk abin da za a ƙara dole ya zama ba ya kama wuta, ba ya fid da hayaƙi mai guba, ba zai kuma faɗo a gaban jirgi ba. Sannan akwai lokaci. Ba a aiki a rami jirgi yana tafiya. A Landan ma'aikata suna samun awa uku zuwa huɗu ne a tsakar dare, bayan jirgin ƙarshe ya wuce an kashe wutar dogo, kuma a cikin wannan lokaci za su sauko da kaya, su taka zuwa wurin aiki, su yi, su kwashe komai kafin asuba. Tun 2016 ma wasu layukan ba sa kwana a daren Juma'a da na Asabar. A New York abin ya fi haka tsanani, domin jiragenta dare da rana suke aiki, sai an rufe layi musamman.

Amma babban dalili shi ne tambayar wa zai biya. Hukumar jirgi tana ganin aikinta jigilar mutane ne, kuma kuɗin da take da shi gyaran dogo da sigina sun fi bukatarsa. Kamfanonin waya kuma ba sa ganin sabon ciniki, domin fasinjan ya riga ya sayi layinsu, ko ya sami sabis a rami ko bai samu ba. Labarin Toronto ta ƙasar Kanada ya isa misali. A 2012 aka ba wani kamfani kwangilar shimfiɗa kayan sadarwa a jirgin birnin. Ya yi tashoshi da wani yanki na rami, amma manyan kamfanonin waya uku na ƙasar suka ƙi biyan haya, sai ƙarami ɗaya. Kayan suna nan a bango, yawancin fasinjoji ba sabis, har kusan shekara goma. Sai a 2023, bayan jerin hare-hare da aka kai wa fasinjoji sun ta da hankalin jama'a, kamfanin Rogers ya sayi kayan, gwamnatin tarayya kuma ta ba da umarnin cewa daga 3 ga Oktoba na shekarar kowane fasinja ya sami sabis, ko layin wane kamfani yake riƙe da shi. Abin da aka kasa a shekara goma, aka yi shi cikin watanni. A ƙarshen 2024 kuma aka rufe Wi-Fi na kyauta da ke tashoshin birnin, bisa hujjar cewa kayan sun tsufa kuma masu amfani da shi sun ragu. Wanda ya yi asara a nan shi ne wanda ba shi da kuɗin sayen data, da baƙon da layinsa na wata ƙasa ne.

Labarin Toronto ya nuna cewa batun ya wuce na hira da kallon bidiyo. Landan ta koyi wannan da tsada tun kafin zamanin intanet. A gobarar tashar King's Cross ta 18 ga Nuwamba, 1987, wadda ta kashe mutum 31, binciken da aka yi ya nuna cewa rediyon masu ceto ba ya aiki a ƙasa. Ranar 7 ga Yuli, 2005, da aka ta da bama-bamai a jirage uku da bas ɗaya, mutum 52 suka mutu, matsalar ba ta gushe ba: sai da aka riƙa aiken mutane da ƙafa tsakanin rami da titi. Bayan haka ne aka kammala tsarin rediyo na ma'aikata da 'yan sanda a ƙarƙashin ƙasa, shi ma da kebul mai yoyo. Wato rediyon hukuma ya riga wayar fasinja shiga rami da fiye da shekara goma.

6.0 Ranar da Wi-Fi Ya Tsayar da Jirgi

Akwai wani haɗari da ba a cika tunawa da shi ba. Jiragen zamani da yawa su ma da rediyo ake tafiyar da su. Kowane jirgi yana sanar da cibiya inda yake a kai a kai, ita kuma tana gaya masa iyakar inda zai iya kaiwa. Idan maganar ta yanke na ɗan lokaci, an tsara jirgin ya taka birki da kansa, domin tsayawa ta fi karo. Wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare an gina su a kan zangon biliyan 2.4, saboda zango ne da ba a bukatar lasisi kafin a yi amfani da shi. Rashin lasisin kuwa yana nufin kowa ma yana da iko da shi.

A watan Nuwamba na 2012 jirage suka riƙa tsayawa ba dalili a wasu layuka biyu na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Hukumar jirgin ta ɗora laifin a kan ƙananan na'urorin aljihu da fasinjoji ke ɗauke da su, masu mayar da sabis ɗin waya zuwa Wi-Fi. Idan suka taru da yawa a tarago, sai hayaniyarsu ta danne muryar sigina, kamar mai magana a tsakiyar kasuwa. Daga baya ƙasar ta ware wa jiragen birane zango na musamman. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne a raba hanyar fasinja da ta sigina tun daga tushe.

7.0 Abin da Bango Yake Ji

Wayar da aka bar Wi-Fi ɗinta a kunne ba ta yin shiru. Lokaci-lokaci tana kira tana neman na'urar da za ta kama, kuma a cikin kiran akwai wata lamba da ke bambanta ta da sauran wayoyi. Duk na'urar da ke kusa tana ji, ko mai wayar ya shiga intanet ko bai shiga ba. Idan aka jera irin waɗannan na'urori a tashoshi da dama, ana iya bin sawun waya daga inda ta shiga zuwa inda ta fita.

Hukumar TfL ta gwada wannan na mako huɗu a ƙarshen 2016, a tashoshi 54. Ta tattara bayanai fiye da miliyan 500 daga na'urori miliyan 5.6, bayan ta sauya lambobin ta yadda ba za a gane masu su ba. Abin da ta gano yana da amfani ƙwarai. Tikiti yana nuna inda mutum ya shiga da inda ya fita kawai, bai nuna ta inda ya bi ba. Gwajin ya nuna cewa tsakanin King's Cross da Waterloo kaɗai fasinjoji suna bin hanyoyi aƙalla 18. Da irin wannan sani ake gane matakalar da ke cushewa da lokacin da take cushewa. Daga watan Yulin 2019 hukumar ta mayar da tattara bayanan abin yau da kullum, ta kafa sanarwa cewa wanda ba ya so ya kashe Wi-Fi ɗinsa. Ana iya cewa wannan sanarwa ta juya al'amari, domin an ɗauki shirun mutum a matsayin yardarsa. Masu ƙera wayoyi su ma sun mayar da martani: wayoyin zamani suna ƙirƙirar lambar bogi su riƙa sauya ta, don a kasa bin su.

A Mosko lamarin ya fi zurfi. Wi-Fi ɗin jirgi kyauta ne, kamfanin da talla yake mayar da kuɗinsa, kuma talla ta fi tsada idan an san wanda ake yi wa ita. Ga kuma dokar da gwamnatin Rasha ta kafa a 2014, wadda ta wajabta a tantance duk mai shiga Wi-Fi na jama'a, abin da ya sa fasinja yake ba da lambar wayarsa kafin ya shiga. Ke nan lambar na'ura ta haɗu da lambar waya, lambar waya kuma da sunan mutum aka yi mata rajista. A 2018 wani masanin kwamfuta ya bayyana cewa shafin shiga na kamfanin yana fitar da bayanan masu amfani ba tare da kariya ba: lambar waya, da jinsi, da ƙiyasin shekaru, da tashoshin da ake zaton nan ne gida da wurin aiki. Kamfanin ya toshe kafar bayan labarin ya fita.

Sai kuma batun makunni. A sarari, turakun sadarwa suna da yawa kuma na kamfanoni daban-daban ne, katse su duka sai da umarni mai ƙarfi. A rami kuwa hanya ɗaya ce, kuma wutarta tana hannun mai ramin. Ranar 11 ga Agusta, 2011, hukumar jirgin BART a yankin San Francisco na Amurka ta sami labarin cewa za a yi zanga-zanga a dandamalin tasha, saboda wani mutum da 'yan sandanta suka harbe a watan da ya gabata. Sai ta kashe wutar kayan sadarwa a tashoshi huɗu na tsawon awa uku. Hujjarta ita ce taro a bakin dogo mai lantarki yana iya jawo asarar rai. Masu suka suka ce hukumar gwamnati ta toshe bakin jama'a tun kafin su yi magana, ta kuma hana duk wanda ke ƙasa a lokacin kiran neman agaji. Hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta shiga maganar, ta nemi jin ra'ayin jama'a a 2012. Ita kuwa BART, a watan Disamba na 2011 ta fitar da ƙa'ida a rubuce cewa ba za ta sake katse sabis ba sai in akwai ƙwaƙƙwarar shaida ta haɗari na kusa ga rayuka ko dukiya, kamar yunƙurin ta da bam da waya, kuma ko a nan ma a taƙaita katsewar ga wurin da abin ya shafa da lokacin da ya zama dole.